Sunan Wenhai a Littafin Kakanni

Ƙauyen Dou, lardin Shandong
Watan goma, shekarar Kare

Zuwa ga ƙanena Wenhai, a Gadar Dutse,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Sulan kuna lafiya, sanyi bai riske ku babu riga ba. Mu dai nan muna numfashi. Ruwan da Rawayen Kogi ya amayo mana ya janye, ya bar yashi har gwiwa a gonar Baba, ko ciyawa ta ƙi fitowa. Inna tana nan, sai dai ta rataye mazarinta. Tun da zaren Turawa ya cika kasuwa ba mai taya nata. Sau uku tana kaiwa tana dawowa da shi, yanzu zama take ta yi tagumi tana kallon hannunta.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Mai awara ya zo daga wajenku ranar kasuwa, ya sauke kayansa a ƙofar makarantata, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, daga baya ya ce wai an gan ka a cocin Turawa ana zuba maka ruwa a ka. Na ce masa ƙanena ya shekara goma sha ɗaya yana jan jirgin hatsi a Babbar Hanyar Ruwa, ruwa ya jiƙa shi har ɓargo, me zai yi da cokali guda na wani baƙo? Muka yi dariya. Da ya tafi na kasa cin abinci.

Na san halin da kake ciki. Tun da jiragen hayaƙi suka ɗauke hatsin Sarki ta teku, igiya ta mutu a kafaɗunku, ku dubbai. Na kuma san ana raba gero a gidan Fada, limamin cocin. Amma Wenhai, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mutanen da suka zo da jiragen yaƙi bara suka ƙwace mana bakin teku, su ne yau suke miƙo maka ludayi, kai kuma ka buɗe baki kamar ɗan tsako.

Dattawa sun fara gunaguni. Baffa Laoshun, wanda shi ne babba a dangi yanzu, ya tare ni a bakin rijiya ya tambaye ni ko gaskiya ne masu wannan addini ba sa rusuna wa iyayensu da suka mutu. Ka san tun rasuwar Baba littafin kakanni yana hannuna, tunda ni kaɗai ne na faɗi jarrabawar Sarki sau huɗu, wato ni ne malamin garin. Zuriya hawa goma sha shida ce a cikinsa, ba a taɓa samun wanda ya juya wa na gabansa baya ba. Na ce wa Baffa surutun mai awara ne.

Kada ka mayar da ni maƙaryaci. Ka zo bikin Sabuwar Shekara, ka kunna turare gaban allon sunan Baba, ka sa goshi a ƙasa sau uku yadda muka saba, bakin kowa ya mutu. Inna ta ajiye maka busasshiyar magarya a tukunya, ta hana kowa taɓawa, har ni.

Ka gaida Sulan. Sama ta kiyaye ku.

Yayanka,
Wenkui

*

Gadar Dutse
Watan goma sha ɗaya, shekarar Kare

Yaya,

Ina gaishe ka cikin ladabi, ina gaida Inna da Baffa da kowa da kowa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Kai ka koya min, ka kuma san inda haƙurinka ya ƙare.

Mai awara bai yi ƙarya ba.

Lokacin da ruwa ya ci unguwarmu, kwana biyar muka yi a kan shingen kogi, ni da Sulan da tabarma ɗaya. Zazzaɓi ya kama ta har ta daina gane ni. Na goya ta zuwa ƙofar hakimi, inda aka ce ana raba kunu, masu gadi suka kore mu da sanda, suka ce mu ba 'yan gunduma ba ne. Na kai ta ɗakin bautar Sarkin Ruwa, na tarar shi ma ruwan ya kwashe shi. A coci ne wata tsohuwa, 'yar ƙasarmu ce ba Baturiya ba, ta karɓe ta daga bayana ba tare da ta tambayi sunanmu ba. Kwana ashirin tana ba ta kunu cokali-cokali.

Don gero na shiga, Yaya, ban ɓoye ba. Geron ya ƙare tun watan jiya, ban fita ba. Ban iya bayani irin naka ba. Abin da zan iya cewa, shekara goma sha ɗaya na yi ina jan igiya kamar jaki, ba wanda ya taɓa gaya min ana sane da ni a sama sai a wurin nan.

Ba na ce duk mutanen kirki ne a cikinmu ba. Akwai waɗanda suka shigo don in sun yi rigima da maƙwabci Fada ya rubuta wa hakimi takarda, hakimi kuma tsoron takardar Bature yake fiye da tsoron mutuwarsa. Ina ganinsu, ina jin kunya. Jiragen yaƙin ma ina jin zafinsu yadda kake ji, ai ba a canza min jini ba.

Zan zo bikin. Zan share kabarin Baba, in cire ciyawa, in gyara inda ruwa ya zaizaye. Amma turare da goshi a ƙasa, na yi alkawari ba zan yi wa kowa ba sai Ubangiji. Ina roƙonka kada ka matsa min a gaban mutane. Baba yana raye ban taɓa yi masa musu ba, shi ya sani.

Ka ce wa Inna ta ci gaba da tsaron magaryata, na san halinka da kwaɗayi. Sulan tana gaisuwa, ta fara tafiya ba sanda.

Ƙanenka mai biyayya,
Wenhai

*

Ƙauyen Dou
Watan biyar, shekarar Alade

Wenhai,

Ina gaishe ka don Inna ta ce in gaishe ka.

Tsayuwar da ka yi ƙiƙam ranar Sabuwar Shekara, kowa goshinsa a ƙasa kai kana tsaye kamar turken awaki, na haɗiye ta. Na ce wa dattawa ciwon baya kake. Wannan ta yanzu kuwa ta ƙi haɗiyuwa.

Ka san yadda abin ya faro, amma bari in faɗa maka yadda muka gan shi daga nan. Filin ɗakin Sarkin Ruwa na mararraba, kakanninmu ne da na ƙauyuka huɗu suka haɗu suka bayar. Nan muke roƙon ruwa, nan ake wasan dandali bayan girbi. Mutanenku suka daina kawo ko mudu ɗaya na hidimar wasan, suka ce haramun ne, amma ranar wasa sai ka gan su a kan katanga suna leƙe. Muka yi shiru. Sai ga su da cewa suna da kaso a filin, za su kafa coci. Samarinmu suka hana, aka ba hammata iska, aka fasa wa ɗaya kai. Fada ya rubuta takarda zuwa babban birni, babban birni ya murɗa kunnen hakimi, hakimi ya yanke hukunci tun kafin ya ji ta bakinmu. Fili na coci ne. Mu kuma mu shirya liyafar ban haƙuri, a buga wasan wuta, dattawanmu su kai wa Kiristoci abinci a kan gwiwoyinsu.

Baffa Laoshun shekararsa saba'in da huɗu. Na ga yadda ya ja gwiwa a ƙasa da akushi a hannu, yaran da ya girmi iyayensu suna zaune suna ce masa miyar ba gishiri. Na ɗaga ido sai na gan ka, a tebur na bakwai, ɗan mahaifinmu Dou Changgen, kana zaune. Juya baya na yi na fice, don da na tsaya da ɗayanmu bai kwana duniya ba.

Washegari aka taru a ɗakin kakanni. Ba wanda ya ɗaga murya. Baffa ya ce, “Kai ke riƙe da alƙalami, Wenkui. Ko ka shafe shi, ko ka miƙo littafin mu nemi mai shafewa.”

Na wanke hannu, na niƙa tawada, na buɗe shafinmu. Sunanka yana gefen nawa, da rubutun Baba. Na cika alƙalami na bi ta kansa har sai da ya zama baƙin tabo. Ban yi jinkiri ba, kada in yi maka ƙarya. Sai da na koma gida Inna ta ce min hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta juya fuska bango, a nan na gane girman abin da na yi.

Ina gaya wa kaina don in tsorata ka na yi. Ranar da ka dawo hayyacinka ka rusuna wa Baba, zan san yadda zan yi in mayar da kai. Kafin nan ba ka da wurin zama a ɗakin kakanni, ba ka da wurin kwanciya a maƙabartarmu. Raina a ɓace yake, kuma ina kewarka, duka biyun.

Wenkui

*

Gadar Dutse
Watan shida, shekarar Alade

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Ina wurin, gaskiya ne. Malamin coci ya bi gida-gida ya ce duk namiji sai ya je, ban san ƙauyenmu ne zai yi hidimar ba sai da na ga Baffa. Da ya iso teburinmu na sauka na durƙusa na karɓi akushin daga hannunsa. Ya kawar da kai. Kai ka riga ka fita. Ko loma ban ci ba. Daga baya na je na ce wa Fada wannan liyafa zalunci ce, kuma za a biya ta da tsada. Ya dafa kafaɗata ya ce ban san yadda ake tafiyar da hakimai ba.

Ban faɗi wannan don ka janye hukunci ba. Da na tashi na bar wurin tun farko da ya fi, tsoro ne ya zaunar da ni.

Maganar suna, ban yi fushi ba. Na fita bayan gari na yi kuka inda Sulan ba za ta gani ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka hana Inna aiko min da saƙo.

Ƙanenka, ko a littafi ko ba a littafi ba,
Wenhai

*

Ƙauyen Dou
Watan huɗu, shekarar Ɓera

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Sulan. Wata goma sha ɗaya ban rubuta maka ba. Ranar da muka binne Inna na hango ka can bayan itatuwa da farin ƙyallen makoki a ka, ban kira ka ba. Wannan yana cikin abubuwan da ke hana ni sukuni, amma yau ba ranar su ba ce.

Ka karanta da kyau. Tun kakar bara ko ɗigo bai sauka ba. Alkama ta ƙone a tsaye, ba a shuka gero ba, ba a shuka dawa ba. Manomi in ba shi da abin yi a watan huɗu, ka ji tsoronsa. Samarinmu duk sun koma masussuka suna koyon dambe. Sukan ɗaura jan ƙyalle, su ƙona laya su sha tokar, su fuskanci kudu maso gabas su yi ta faɗuwa, sai ka ga mutum ya miƙe idanu jajur yana magana da muryar wani gwarzon wasan dandali. Suna cewa harsashin Bature ba ya huda su. Ni da na yi karatu na san shirme ne. Amma da idona na ga an sari cikin ɗan gidan maƙera da takobi bai yi jini ba, na koma gida ina ta tunani.

Abin da suke faɗa kuwa yana shiga kunne, saboda cikin kowa wayam yake. Wai sama ta yi fushi ne don an rushe ɗakin Sarkin Ruwa. Wai hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ta kan kaburbura, wayar da aka ja a kan turaku kuka take da jini, Kiristoci suna zuba guba a rijiyoyi. Na ce musu tsatsa ce ke ɗiga daga waya, suka ce Malam ya fara tsufa. Su 'yan dambe sun ce sai sun share baƙi da duk mai bin baƙi kafin ruwa ya sauka. A arewa sun ƙona coci uku. Sojan hakimi suna kallo, wasu ma jan ƙyallen ne a ƙarƙashin rigarsu.

Ka san wa ke jagorantar na yankinmu? Pang Dogo, abokin igiyarka, wanda kuke raba waina ɗaya a bakin ruwa. 'Ya'yansa biyu yunwa ta kashe a hunturun nan. Yanzu Babban Yaya suke ce masa, mutum ɗari huɗu ke bin sa. Ya zauna da dattawan ƙauyuka sun yi yarjejeniya: duk ƙauyen da suka shiga za a fito da littafin kakanni, wanda sunansa ke ciki ɗan dangi ne, ba su da hurumi a kansa, dattawansa za su ji da shi. Wanda ba ya ciki za a kai shi gaban turare, ya rusuna ko ya mutu.

Ka dawo gida, Wenhai. Gadar Dutse tana kan hanyarsu. Littafi yana hannuna, ni na shafe, ni zan mayar. Na sami Baffa na gaya masa, ya ce idanunsa sun yi rauni, ba ya ganin abin da ke cikin littafi. Ka gane. Ba zan ce ka kunna turare ba, ba zan ce ka yi komai ba. Ka zo kawai ka zauna ka cinye min ɗan geron da ya rage, yadda ka saba.

Yayanka da ke jiranka,
Wenkui

*

Gadar Dutse
Watan biyar, shekarar Ɓera

Yaya,

Na gode. Ina gaishe ka da Baffa. Sulan ta ce in karanta mata wasiƙar sau biyu, a wurin maganar gero ta yi dariya, rabonta da dariya an daɗe.

Tana da ciki, wata shida. Ban gaya maka ba don ban san ko kana son ji ba. Ba za ta iya tafiyar kwana biyu a wannan rana ba, don haka gobe zan tura ta a baro zuwa gidan yayanta a Tudun Meng. Su ba Kiristoci ba ne, ba wanda ya san ta a can da wannan. Fada ya tafi bakin teku tun makon jiya. Wasu sun taru a coci sun toshe ƙofa da buhunan ƙasa, ni ban iya harbi ba, ba kuma na so in koya.

Zan zo. Ka ce ba za ka sa ni rusunawa ba, na riƙe ka a kan haka. In aka tambaye ni ko ni ɗan Dou ne zan ce e, don gaskiya ce. In aka tambaye ni addinina ma gaskiya zan faɗa, saboda haka ka yi ƙoƙari kada a kai ga tambayar.

Pang Dogo ba mugu ba ne. Ya taɓa ciro ni daga ruwa da jelar gashina.

Sai na iso. Ka rage cin geron.

Ƙanenka,
Wenhai

*

Ƙauyen Dou
Watan shida, shekarar Ɓera

Zuwa ga matar ƙanena, Sulan, a Tudun Meng,

Ina gaishe ki, ina gaida yayanki da mutanen gidansa. Ki sa a zaunar da ke kafin a ci gaba da karanta miki. Wenhai ya rasu ranar sha tara ga watan jiya, da hantsi, a masussukar ƙauyenmu. Na san labari ya riga takardata isowa. Amma yadda aka yi, ni kaɗai zan iya gaya miki, kuma haƙƙinki ne ki ji.

Ya iso ranar bakwai ga wata, ƙafafu duk sun tsage. Kwana goma sha biyu ya yi a ɗakina. Ya gyara min rufi, ya yashe rijiya, ya yi ta zolayata cewa na tsufa ban iya dafa kunu ba. Tun muna yara ban ji daɗin kwanaki kamar waɗannan ba.

Kin san ba a buɗe littafin kakanni haka kawai. Sai an duba littafin ranaku an sami ranar da ta dace, a yi wanka, a sanar da magabata. Na duba, ranar farko mai kyau ita ce sha tara. Na bakwai zuwa sha takwas duk an hana buɗe littafi ko shigar da suna. Wenhai ya ce min, “Yaya, rubuta yau mana. Kakanni ai ba za su yi fushi don ka tashe su da wuri ba.” Na ce masa shi da ya bar al'ada ba shi zai koya min ita ba. Na ce suna da aka shigar a muguwar rana ba ya zama. Ya yi dariya ya ce to, Malam ya fi kowa sani. Sau uku yana tuna min, sau uku ina ba shi wannan amsa. Labarin da muke ji 'yan dambe suna can gabas, sai ƙarshen wata za su iso.

Ranar sha tara da sassafe na yi wanka na buɗe littafi. Tabon ya yi baƙi ƙirin, ba a iya rubutu a kansa. Na yanko 'yar takarda daga tsohon shafi don launi ya zo ɗaya, na rubuta sunansa ina kwaikwayon hannun Baba, na dama ƙullu na manna a kan tabon. Ya yi kyau ƙwarai, har na kira shi ya gani. Da kwana biyu ya samu ya bushe, ko ni ba zan gane ba. Ban gama wanke alƙalami ba muka ji ganga.

'Yan dambe ne. Suka tara maza duka a masussuka, suka kafa tebur da turare. Pang Dogo ya rame har ban gane shi ba. Ana kiran suna ina nunawa a littafi, mutum ya koma gefe. Da aka zo kan Wenhai wani daga cikinsu, mutumin Gadar Dutse, ya ce ya san wannan, ɗan coci ne. Pang ya dubi Wenhai, Wenhai ya dube shi. Na rantse miki so yake ya kuɓutar da shi. Ya karɓi littafin daga hannuna, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, ya danna babban yatsansa a kan sunan ya ce, “Ga shi nan a rubuce. Ɗan Dou ne, ba ruwanmu da shi.”

Da ya ɗaga yatsan, takardar ta biyo shi. Tabon ya fito fili a gaban mutum ɗari huɗu.

Daga nan abin ya fi ƙarfin Pang. Aka ja Wenhai gaban tebur, aka sa masa tsinken turare a hannu. Pang ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce ya sunkuya kawai, ko da wasa ne, shi zai ce ya gani. Baffa Laoshun ya durƙusa da kansa, ya ce shi da aka wulaƙanta ya yafe, a bar masa ɗansa. Ni kuma na karya alkawarin da na yi masa. Na riƙe ƙafafunsa ina roƙo ya rusuna, na haɗa shi da ke, na haɗa shi da abin da ke cikinki. Ya ajiye turaren a kan tebur a hankali, ya ce, “Yaya, ka ce ba za ka sa ni ba.” Sannan ya ce in gaya miki ya so ya ga jaririn.

Ba Pang ya yi ba, ya juya baya. Sara ɗaya ne, bai wahala ba. Wannan kaɗai ne alherin da zan iya aiko miki.

Na binne shi kusa da Baba da Inna, ba wanda ya hana ni. Kwana tara bayan nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, samari suka yi ta murna suna cewa aikinsu ya ci, sannan suka watse kowa ya koma gonarsa shuka. Ni ban shuka komai ba.

Ni na kira shi gida. Ni na shafe sunan, ni na tsaya jiran rana. Ba na neman ki yafe min. Abu guda nake roƙo: in kin sauka lafiya kuma namiji ne, ki aiko min da sunansa. Ba ni da ɗa, shi ne hawa na goma sha bakwai. Zan rubuta shi a ranar da wasiƙarki ta iso, ko wace rana ce.

Sama ta sauke ki lafiya.

Wan mijinki,
Wenkui

*

Tudun Meng
Watan tara, shekarar Ɓera

Yaya Wenkui,

Ina gaishe ka. Mai rubuta wasiƙa na kasuwa ne ke rubuta min, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya ƙawata.

An karanta min takardarka. Na ji an ce soja sun zo daga baya sun sare kan Pang Dogo da wasu samarinku a mararraba, sun ƙona rabin ƙauyen. Ban yi murna ba. Ina fata gidanka ya tsira.

Na sauka lafiya a watan takwas. Namiji ne. Yana da dogayen ƙafafu irin na ubansa, yana shan nono sosai.

Ba na ƙin ka. Ya gaya min tun kafin ya tafi cewa duk abin da ya faru kada in ƙi ka, ina ƙoƙari. Amma sunan yaron ba zan aiko maka ba. Na ga abin da littafinku ya iya. Ka bar wurin fari.

In ya girma ya tambayi hanyar ƙauyen Dou, ba zan ɓoye masa ba.

Ka huta lafiya.

Matar ƙanenka,
Sulan